Ƙaho a Bayan Alhaji Ɗanmaliki

Motar da ta ɗauko Malam Dawuda daga Sakkwato ba ta iso Tambuwal ba sai da gari ya waye, domin ruwan farkon damina ya tsare ta a Dogon Daji ta kwana can. Tun kafin direba ya kashe inji Dawuda ya diro daga bodi. Akwatinsa na ƙarfe ya bar wa 'yan dako, amma 'yar jakar fatar da ke rataye a wuyansa bai yarda kowa ya taɓa ta ba.

Shi ne malamin asibitin En'e na Tambuwal. Shi ke haɗa magani, shi ke allura, shi ke ɗaure miki, duk shi kaɗai. A shekara ta biyu bayan samun 'yancin kai gwamnatin Jihar Arewa ta shiga kiran irinsu rukuni-rukuni zuwa Zariya don kwas na ƙarin ilimi, saboda sababbin magunguna sun fara shigowa waɗanda ba a koya musu ba lokacin da suke makaranta. Da zafin bazara Dawuda ya tafi, ga shi ya dawo ƙasa ta jiƙe.

Cikin duk abin da aka koyar, darasi ɗaya ne ya ƙi barin kansa. Wani dattijon malami, wanda ya tsufa a aikin haɗa magani, ya shigo aji riƙe da 'yan siraran kwalabe biyu, kowace da jini a ciki. Ya kifa ta farko, jinin bai motsa ba, ya daskare kamar hanta. Ya karkata ta biyu, jinin ya gangaro kamar ruwan soɓorodo.

"Lokaci ɗaya aka ɗebe su," in ji dattijon. "Wannan na mai lafiya ne. Wannan kuwa na mutumin da wafarin ta yi wa yawa ne, ƙwayar tsinka jini. Ana ba wanda jini ya dunƙule masa a jijiyar ƙafa, don kada gudan ya girma ya ɓalle ya tafi huhu. Magani ne mai ceton rai. Amma in mai shanta ya wuce ƙima, ko ya haɗa ta da asfirin, sannan ƙarfe ya shiga jikinsa, jinin ba zai tsaya ba. Makarinta ɗaya ne, allurar bitamin K, ita ma ba nan take take aiki ba. Kafin ta kama, hannunku ne magani. Ku danne, kada ku ɗaga don leƙe."

Wani ɗan Katsina daga bayan aji ya ce, "Malam, ai wannan ciwon masu zaman kujera ne. Mu namu mutanen kurkunu ke damunsu."

Aji ya kwashe da dariya, har da Dawuda. Duk da haka, ranar da za a sallame su sai da ya nace wa mai sito har ya samu ɗan kwali guda na allurar. Shi ne a cikin jakar fatar.

Matarsa Ni'imatu ta tarbe shi tun daga bakin zaure.

"Sannu da hanya, Malam! Kai, Zariya ta karɓe ka. Tuwon makaranta na yas sa ka wanga wuya?"

"Wake na, safe da rana," ya ce yana dariya. Ya zauna, ta miƙa masa kunu. "Mi anka yi bayana?"

"Sai alheri. Kawu ya dawo daga Makka."

Dawuda ya yi hamdala. Alhaji Ɗanmaliki ƙanen mahaifiyarsa ne, babban falken hatsi a Kebbe. Shi ya riƙe shi tun rasuwar ubansa, shi ya kai shi makaranta a lokacin da kowa ke ɓoye 'ya'yansa a rumbu.

"Sai dai da ciwo yad dawo," in ji Ni'imatu. "Tun cikin jirgi ƙafar hagu tak kumbura awa turmi. Sai da anka kwantar da shi babban asibiti Sakkwato. Likita yac ce jini na yad dunƙule mai cikin jijiya. Sunka sallamo shi da wasu 'yan ƙwayoyi."

Dawuda ya sauke ludayi daga bakinsa.

"Waɗanne irin ƙwayoyi?"

"Ni ina nis sani? 'Yan ƙanana dai. Amma kwantar da hankalinka, an kusa rabuwa da abin. Jiya Baba Namadi wanzami yab biyo nan bisa jakinai da zabira, yac ce Alhaji ya aiko mai. Yau da hantsi za a yi mai ƙaho, a ɗebe mataccen jinin gaba ɗaya kowa ya huta."

Ba ta rufe baki ba ya miƙe, kunun ya kife a tabarma.

"Malam, lafiya?"

"Buɗe min ɗakin babur."

Ya ruga asibiti da gudu, ya kwaso sirinji da auduga da duk bandejin da ke cikin kabad, ya cusa a jaka. Babur ɗin ya daɗe a ajiye, ya buga ya ƙi, ya sake bugawa ya yi tari ya mutu. Sai da Ni'imatu ta tura shi har bakin hanya sannan ya ɗauka. Tana kira tana cewa ko hula bai sa ba, bai waiwayo ba.

Hanyar Kebbe ta sha ruwa. Hagu da dama manoma sun bazu cikin gonaki suna shuka, maza na sara da sungumi, yara na bin su da iri, kowa ya ɗaga kai ya bi babur da kallo. Dawuda bai amsa sannun kowa ba. Idonsa na kan laka, hankalinsa na kan rana, wadda ke ta hawa kamar ana tura ta. Ya san Namadi sarai. Wanzamin gidansu ne tun kakanni, shi ya yi masa askin suna, shi ya yi masa kaciya. Mutum ne da ba ya makara. In ya ce hantsi, to hantsi ne.

A wata ƙorama ruwa ya kai gwiwa. Ya sauka, ya ɗora jakar a ka, ya kama wuyan babur ya ja shi da ƙarfin tsiya har ya haye. A ɗaya gefen ya buga da addu'a a baki, injin ya amsa.

Ƙofar gidan Alhaji cike take da takalman masu zuwa yi wa mahajjaci barka. Dawuda ya jingine babur, ya ratsa zaure yana ɗaga hannu, ya faɗa tsakar gida.

Ya makara.

Alhaji Ɗanmaliki na zaune a tabarma ƙarƙashin bedi, ba riga, ya rungume gwiwa ɗaya. Ƙahoni sun yi layi a faffaɗan bayansa, wasu kuma a ƙwaurin ƙafar hagu, wadda ya miƙe a kan turmi. Namadi na tsugune a bayansa, aska a gefe, ruwa a ƙoƙo ya riga ya yi ja. An yi tsaga, an mayar da ƙahoni, an zuƙe, an toshe.

Komai gaggawa ba a tsallake gaisuwar kawu, balle wanda ya dawo daga Makka. Dawuda ya cire takalmi ya durƙusa.

"Kawu, barka da sauka. An dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Dawuda. Yaushe gari?"

"Yau da safe. Allah ya karɓi ibada."

"Amin. Ina Ni'imatu? Ina gajiya? Ina karatu?"

Yana amsawa idonsa na bin wani jan zare da ya sulalo daga ƙarƙashin ƙaho ɗaya, ya bi ƙashin baya ya shige cikin wando.

Namadi ya washe baki. "A'a, ga ɗan Zariya! Wane karatu na wanga da ba shi ƙarewa? Kai da gemu, ana kiranka aji awa ɗan elemantare? Mu sau ɗaya munka koya, ga mu har yau."

"Baba Namadi, sannu da aiki. Don Allah kada ka ƙara tsaga ko guda." Ya juya wajen ɗaki ya ɗaga murya. "Inno! Inno Kulu! Kawo min kwalbar maganin Kawu."

Kulu, uwargidan Alhaji, ta fito tana gyara mayafi, ta miƙa masa 'yar kwalba. Ya karanta sunan da ke jiki, shi ne wanda yake tsoro. Ya girgiza ta. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne suka yi ƙara a gindi.

"Kawu, yaya likita yac ce ku riƙa sha?"

"Guda kullum," in ji Alhaji. "Nic ce, guda mi za ta yi wa ƙato kamata? Damina ta kama, ga gona, ga sito. Safe da marece nika sha, ran da ƙafar tam matsa in jefa biyu."

"Ban da ita akwai abin da kuke sha?"

"Sai asfirin ta mai tebur, in kai ya sara."

"Ni dai na faɗa mai," in ji Kulu. "Asuwakinai kullum ja shika fitowa. Yac ce goro na."

Dawuda ya ajiye kwalbar. Duk abin da dattijon Zariya ya lissafa ga shi a tabarma ɗaya.

"Kawu, a cire ƙahonin ga yanzu. Ƙwayar ga aikinta hana jini daskarewa, kun ko sha ta wuce ƙima. Tsagar da anka yi muku ba za ta rufe ba."

Alhaji ya yi dariya har ƙahonin suka motsa. "Madalla! Ai abin da nika so ke nan, ya fita. Likita da bakinai yac ce mugun jini ya taru. To mugun jini tun zamanin kakanka aikin wa na? Na Namadi na. Kowace shekara farkon damina nika yin ƙaho, balle bana da dalili."

"Kun faɗa wa likitan za ku yi?"

"Ina ruwan likita da ƙahona? Ya hana ni wasa da wuƙa, ya hana ni cire haƙori, na ji. Ƙaho ko magani na. Namadi, ci gaba da aikinka."

Masu barka sun fara leƙowa daga zaure. Dawuda ya san ba zai ɗaga wa wannan mutum murya a gaban jama'a ba, ya kuma san gardama ba ta taɓa juya Alhaji ba. Sai ya bar kawun ya fuskanci mai askar.

"Baba, ka juye ƙaho tun da kaf fara?"

"Na juye guda."

"Nuna min."

Namadi ya nuna ƙasa da haɓa. A kan rairayin da ya tara don zubar da jini babu ko guda ɗaya. Tabo ne kawai mai faɗi, ƙasa ta shanye.

"Tun da kake ƙaho, haka jini ka fitowa?"

"A'a," in ji Namadi a hankali. "Curi shika yi, baƙi, sai na kaɗe ƙahon ya faɗo. Nic ce ko ruwan Makka na yat tsinka shi."

"Inno, ba ni faranti biyu."

Ta kawo. Dawuda ya naɗe hannun riga, ya miƙa wa Namadi damtsensa.

"Tsaga ni."

"Kai yaro, ka haukace?"

"Ka yanke ni inda yaf fi nan zafi ban mutu ba. Tsaga."

Wani daga zaure ya tuntsure da dariya. Namadi ya wanke aska ya ɗan ja ta. Dawuda ya matse jinin a faranti ɗaya, sannan ya tara ɗayan a bayan kawunsa, inda zaren nan ya zama igiya. Ya ajiye su gefe da gefe a gaban Alhaji.

"Kawu, ku ba ni lokacin cin goro guda. In duka biyun sunka daskare, in hau babur in koma Tambuwal ban ƙara cewa komi ba."

"Na ba ka," in ji Alhaji, ya ɓare goro ya jefa a baki.

Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai taunar Alhaji da kukan kurciya a kan bedi. Tsagar da ke damtsen Dawuda ta bushe tun tuni. Tabarmar da ke bayan Alhaji kuwa sai ƙara baƙi take yi. Kulu ta gani, ta dafe ƙirji.

Namadi ne ya kasa jira. Ya ɗauki farantin Dawuda ya karkata, jinin ya manne bai motsa ba. Ya ɗauki na Alhaji, bai gama karkatawa ba ya kwaranyo masa a yatsu.

Bai nemi izinin kowa ba. Ya zagaya bayan Alhaji ya shiga zare jijiyar da ya toshe bakin ƙahoni da ita, yana ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya cire sai jini ya biyo. Ya zaro ƙullin garin bagaruwa daga zabira ya barbaɗa, jinin ya wanke shi ya wuce.

"Wa yac ce ka cire?" in ji Alhaji. Amma muryar ba ta da ƙarfin ɗazu. Zufa ta karyo masa a goshi, ya kai hannu zai dafa turmi ya kuskure. "Kai, wa ka juya gidan ga?"

"Ku kama shi!" in ji Dawuda. "A kwantar da shi rub da ciki. Inno, tafasa ruwa a tukunya mai tsabta, ki jefa wanga sirinji ciki. Ku na zaure, ku shigo, hannu nika so!"

Nan take gidan ya koma asibiti. Ya ninka auduga da bandeji ya ɗora a kan kowace tsaga, ya kama hannun Namadi ya kifa a kan biyu, ya kama na wani dillalin hatsi ya kifa a kan wasu, na limamin unguwa ma bai tsira ba.

"Ku danne da ƙarfi. Ko ya jiƙe kada ku ɗaga, ƙari za mu yi bisa. Wanda yaɗ ɗaga don ya gani ya mai da mu baya."

Shi da kansa ya naɗe ƙwaurin. Da sirinji ya huce ya fasa wuyan 'yar kwalbar da ya ɗauko tun daga Zariya, ya zuƙe ruwan.

"A ɗuwawu za ka yi mai?" in ji dillalin.

"A'a. In nis soki tsoka jini zai taru ciki. Jijiya za ta shiga."

Ya ɗaure damtsen kawunsa, ya lalubo jijiya, ya soka sau ɗaya ya samu. Ya shiga turawa sannu-sannu, kamar mai ɗiga man shanu a kunne, yana kallon fuskar Alhaji. Da ya zare, wurin allurar ma sai da ya sa Kulu ta danne da yatsa.

"Shi ke nan ya tsaya?" ta tambaya.

"Tukuna, Inno. Maganin sai ya je hanta ya yi aikinai. Daga nan zuwa la'asar mu na magani."

Rana ta take tsaka. Inuwar bedi ta janye, aka kafa zani a kan sanduna. Aka kira azahar, mutane suka riƙa zuwa salla bi da bi, wani ya zare hannu wani ya maye kafin audugar ta motsa. Namadi kaɗai ya ƙi tashi sai da Dawuda ya karɓe shi da kansa. Liman ya ce a kawo ruwan Zamzam da Alhaji ya zo da shi, Dawuda ya ce a kawo, a haɗa da kunu mai ruwa-ruwa, a riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan. Lokaci-lokaci ya kama wuyan hannun kawunsa. Bugun na da sauri, siriri, amma yana nan.

Can bandejin ƙwauri ya jiƙe sharkaf, ya fara ɗiga. Kulu ta fashe da kuka. Alhaji ya buɗe ido da ƙyar.

"Dawuda, matso. Rumbun da ke bayan gida, na marayun Sanyinna na. Gonar fadama ko..."

"Kawu, ban zo rabon gado ba," in ji Dawuda, yana naɗa sabon bandeji a kan tsohon, ya ja shi tamau. "Ku aje wanga zance. Ku da kanku za ku auna wa marayu hatsinsu."

"Kai ka san gaibu?"

"Ban sani ba. Amma na san maganin da nis sa muku, na kuma ga abin da shika yi da idona."

"Ji ɗan nema," in ji Alhaji, leɓensa na rawa da abin da ya yi kama da murmushi. "Ni nik kai shi makaranta, yau ni shika yi wa tsawa."

"Yi shiru ka sha kunu, Alhaji," in ji Namadi. "Yau ni da kai duka 'yan aji ɗaya na."

Sabon bandejin ya yi ja a tsakiya. Jan ya faɗaɗa ya kai girman tafin hannu. Dawuda ya zuba masa ido. Jan bai ƙara ba.

Ana kiran la'asar Namadi ya ɗago kai.

"Malam Dawuda, hannuna ya bar jin ɗumi. Audugar ga ta yi tauri."

Dawuda ya durƙusa kusa da shi, ya jiƙa gefen audugar da ruwan da aka tafasa, ya ɗaga kusurwa ɗaya a hankali. A kan tsagar wani baƙin abu ya kwanta, mai sheƙi, kamar ɗanyen kwalta. Ya jira. Ba abin da ya biyo.

"Ya kwanta!" in ji Namadi, muryarsa ta fashe. "Wallahi ya yi curi! Alhaji, jininka ya dawo hankalinai!"

Zaure ya ɗauki kabbara. Kulu ta zube ta yi sujada a rairayi. Dillalin hatsi ya zare hannunsa yana yarfewa, ya ce yatsunsa sun mutu, Alhaji zai biya shi diyya.

Dawuda bai zauna ba. Ya ɗaure kowace tsaga da kyau, sannan ya tambaya ina Ɗangiwa, direban motar Alhaji. Aka ce yana kasuwa an gama yi masa lodin gero.

"A sauke. A shimfiɗa katifa a bodi. Sakkwato za mu."

"Sakkwato kuma?" in ji Alhaji, wanda aka jingina da bango. "Ba ga shi ya tsaya ba?"

"Ya tsaya don na kashe ƙarfin ƙwayar. To gudan da ke ƙafarku bai je ko'ina ba, yanzu kuma babu mai tsaronai. In munka zauna, ciwon farko na iya dawowa. Can kaɗai aka iya auna jinin, a san ranar da za ku koma shan ƙwayar da yawan da za ku sha. Kuma in jinin da kunka zubar na son ƙari, can aka ƙarawa."

"In sha ta kashe ni, in bari ya kashe ni. Wane irin magani na wanga?"

"Irin wanda aka sha yadda anka ce, Kawu."

Alhaji ya dube shi, ya dubi faranti biyun da har yanzu ke gefen tabarma, ƙudaje na bin su. Ya ja numfashi.

"Kulu, ɗauko min babbar riga. Ba ni shiga birni tsirara."

Namadi ya tattara ƙahoninsa ya zuba a zabira, ya riga kowa hawa mota. Da Dawuda ya ce ba sai ya wahala ba, ya ce shi ya buɗe wannan baya, sai ya ga an rufe shi. Ɗangiwa ya ja mota a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, rana na gangarawa suka hau babbar hanya.

Gero ya kai gwiwa lokacin da aka sallamo Alhaji. Ya rame, amma da ƙafarsa ya sauko daga mota, kumburin ya saɓe. Kwalbar magani kuwa Kulu ta ɗaure ta a bakin zaninta. Kullum bayan magariba ta ba shi guda, ta tsaya sai ya haɗiye. Mai teburin asfirin ya ga ta tunkaro shi sau ɗaya, tun daga ranar ko Alhaji ya aiko sai ya ce ta ƙare.

Wata ranar kasuwar Tambuwal Dawuda ya tara wanzaman da suka zo cin kasuwa daga Jabo da Sanyinna da Dogon Daji a inuwar asibiti. Alhazai na ƙaruwa kowace shekara, masu zuwa babban asibiti ma haka, ya san wannan kwalba ba ita ce ta ƙarshe da za ta shigo ƙasar ba. Ya fara bayani ke nan Namadi ya karɓe zancen, ya fito da faranti biyu daga zabira.

"Kai Malam, zauna, Zariyanci ya yi maka yawa. Ku saurara, 'yan uwa. Daga yau kafin ku aza wa mutum ƙaho ku tambaye shi: kana shan ƙwayar asibiti? In yac ce i, ku aiko shi nan tukuna."

Ran jajibirin Juma'a Namadi ya isa Kebbe kamar yadda ya saba. Alhaji ya cire hula ya zauna a ƙarƙashin bedi, ya jiƙa kai da ruwa.

"Yi min ƙwal, Namadi. Tun Makka aska ba ta hau kan ga ba."

Namadi ya buɗe zabira, ya tura askarsa gefe, ya zaro wani sabon almakashi yana ƙyalli.

"Mi na na wanga?" in ji Alhaji.

"Saisaye."

"Saisaye? Ni? Awa ɗan makaranta?"

"Sai ran da Malam Dawuda yac ce ka gama ƙwaya. Sunkuyar da kai."

Alhaji ya waiwaya wajen ɗaki neman mai goyon baya. Kulu na tsaye a bakin ƙofa, hannunta a kan ƙullin zani. Ya yi tsaki, ya sunkuyar da kai, almakashi ya fara ƙara.